MAI BI DA NEMAN AIKI

Wa'azi domin ekklesiyoyin ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan

A karanta Matta 20:1-16 da Kolosiyawa 3:22 zuwa 4:1



Wanda ya taɓa fita da asuba a Maƙarfi lokacin saran rake ya san abin da ake gani a bakin hanya. Samari suna tsaye, kowa da addarsa, suna jiran mai gona ya zo ya kira su. Waɗansu sukan sami mai ɗauka tun rana ba ta fito ba. Waɗansu sai hantsi. Waɗansu kuwa har rana ta take suna nan, su koma gida hannu wofi. Ubangijinmu Yesu ya san wannan tsayuwa. Cikin misalin da muka karanta ya ba da labarin wani maigida wanda ya yi ta fita kasuwa, da asuba, da hantsi, da tsakar rana, da azahar, har da la'asar sakaliya, yana ɗaukan ma'aikata domin gonarsa ta anab. Waɗanda ya tarar a ƙarshe, da ya tambaye su dalilin zamansu, suka amsa masa babu wanda ya kira su.

Ainihin koyarwar misalin a kan alherin Allah take, wanda yake ba na ƙarshe kamar na fari, ba domin sun cancanta ba. Kada mu manta da wannan. Amma ku lura da abu guda. Sa'anda Ubangiji ya so ya nuna mana zuciyar Uba, sai ya kai mu wurin da marasa aiki suke tsayawa. Ashe, idonsa yana kansu. Saboda haka yau bari mu yi magana a kan neman aiki, da ɗaukan ma'aikata, da zaman wurin aiki, gama babu gida cikin ekklesiyoyinmu wanda wannan magana ba ta shafa ba.

I. AIKI BA LA'ANA BA NE

Waɗansu suna tsammani zunubi ne ya kawo aiki cikin duniya. Ba haka ba ne. Cikin Farawa 2:15 Allah ya sa mutum cikin gona domin ya nome ta ya tsare ta, tun zunubi bai shigo ba. Abin da zunubi ya kawo shi ne ƙaya da sarƙaƙiya da gumi mai ɗaci. Aikin kansa kyautar Allah ce. Mutanen Nazarat sun san Yesu da sassaƙa kafin su san shi da wa'azi, kamar yadda Markus 6:3 ya nuna. Manzo Bulus maɗinkin tanti ne, ya yi wannan sana'a a Koranti tare da Akila da Biriskila, bai kuwa ji kunya ba.

Na faɗi wannan da fari domin wata cuta ta shiga samarinmu. Yaro ya gama makaranta a Zariya, ya komo da takarda, daga ran nan fartanya ta zama abin ƙyama a gare shi. In ka tambaye shi me yake yi, sai ya ce yana jiran aiki. A bakinsa aiki ɗaya ne, watau kujera da tebur da albashin gwamnati. Shekara biyu, shekara uku, yana zaune gindin mangwaro, tsohonsa kuwa yana duƙe cikin fadama.

Ku tuna da kakanninmu cikin bangaskiya. Wajen 1913 zuwa 1914 aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, nan cikin ƙasar Maƙarfi, ta hannun mishan na C.M.S. a zamanin Likita Miller. Mutanen nan sun yi karatu, sun yi sujada, sun kuma yi noma da matsar rake da hannuwansu. Ciwon barci ya auka musu, ya kashe da yawa, har ƙauyen ya watse. Mishan kuwa ta koma Wusasa a 1929. Daga cikin wannan ƙaramar jama'a ta masu bi na ƙasar Zazzau aka sami Dokta Barau Dikko, likita na fari daga Arewa, wanda babban asibitin Kaduna yake ɗauke da sunansa. Daga cikinta kuma Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Iyayen da suka haifi irin waɗannan mutane ba su raina aikin hannu ba. Su ne suka yi gumin da 'ya'yansu suka yi karatu da shi.

Har wa yau, kada kowa ya dogara ga albashi kamar dutse ne. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, dubban mutane suka ci abinci a Kakuri, har waɗansu suka bar gonakinsu suna cewa sun huta ke nan. A 2002 aka rufe ta. Babbar masaƙar United Nigerian Textiles ta rufe a 2007. Masana'antar tumatir da aka kafa a Ikara a 1981 ta yi shekaru da yawa ƙofarta a garƙame. Waɗanda suka riƙe gona ko sana'a a hannu ɗaya sun sami abin komawa. Waɗanda suka sake duka suka sha wuya ƙwarai. Ba a banza Hausawa suke yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki ba.

Saboda haka, ɗana, nemi aikin ofis in ka cancanta, ba laifi. Amma kada ka nema daga zaune. Kama noman rani, koyi walda ko ɗinki ko gini ko gyaran injin ban ruwa. Bulus ya gargaɗi Tasalonikawa da ƙarfi a kan masu ƙin aiki suna cin na waɗansu. Ku karanta 2 Tasalonikawa 3:6-12 a gida. Mutumin da aka tarar yana aiki ya fi saurin samun wani aiki, gama mai ɗauka yakan tambaya me ka yi da shekarun da suka wuce.

II. GA MAI NEMAN AIKI

Ba na raina wahalarku. Masu nema sun yi yawa, guraben kaɗan ne. Ran 15 ga Maris, 2014, hukumar shige da fice ta kira masu neman aiki zuwa filayen wasa na manyan garuruwa. Fiye da mutum 500,000 suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Aka yi turereniya a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin, samari da 'yan mata suka mutu da takardunsu a hannu. Cikin irin wannan matsi ne Shaiɗan yakan zo da tarkunansa. Bari in ambaci guda uku.

Tarko na fari shi ne sayen aiki. Wata shekara wani saurayi daga ɗaya cikin ƙauyukanmu ya zo wurina da murna, ya ce in yi masa addu'ar godiya. Ya nuna mini takardar ɗauka mai tambari da sa hannu. Na tambaye shi yaushe aka gwada shi. Ya sunkuyar da kai. Ashe wani ne ya ce yana da hanya a Kaduna, in an kawo kuɗi kaza. Uban yaron ya sayar da raken shekara tun yana tsaye a gona, ya haɗa da bijimi guda. Ran da yaron ya je kama aiki, aka duba littafi babu sunansa, aka ce masa takardar jabu ce, ya gode wa Allah da ba a tsare shi ba. Mai hanya kuwa wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Shekaran nan gidan suka ci tuwo sau ɗaya a yini.

Amma ina tambayarku, da takardar ta gaskiya ce fa? Da mun yi addu'ar godiya ke nan? Ko kaɗan. Fitowa 23:8 ya hana karɓan toshiya, gama takan makantar da mai gani. Mai bayarwa kuwa shi ne ya kawo makanta. Wurin nan da ka saya na wani ne wanda ya fi ka cancanta, ba shi da bijimin sayarwa. Ka yi masa sata ba tare da ka ga fuskarsa ba. Dokar ƙasa ma, wadda ta kafa hukumar ICPC a 2000, tana hukunta mai bayarwa da mai karɓa duka. Wanda kuma ya shiga da kuɗi, da kuɗi zai zauna. Zai fara neman inda zai fanshe abin da ya kashe, ga shi ya zama mai karɓa shi ma. Ku riƙe wannan: duk wanda ya ce ka biya kafin a ba ka takardar ɗauka, juya masa baya. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Tarko na biyu shi ne takardar ƙarya. Wani yakan rage shekarunsa, ya je ya yi rantsuwa a kotu da Littafi Mai Tsarki a hannunsa. Wani yakan ɗauki sakamakon jarrabawar ɗan'uwansa. Wani yakan biya a rubuta masa jarrabawa. Suna cewa kowa ma haka yake yi. Amma takarda ba ta iya aiki, mutum ne yake yi. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta gwada malaman firamare wajen 33,000 da tambayoyi irin na aji huɗu. Aka sanar cewa 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su, aka kuma shelanta ɗaukan sababbi 25,000. An yi gardama ƙwarai a kan yadda aka yi gwajin, akwai kuma mutanen kirki da abin ya rutsa da su. Ba na yanke hukunci a kan kowa. Abin da nake so ku gani shi ne, ranar gwaji takan zo, ko a wurin mutane ko a wurin Allah. Sa'anda ƙofar nan ta 25,000 ta buɗu, wanda ya yi karatunsa da gaskiya shi ya iya shiga da ƙafarsa. Ku 'yan makaranta, yau ne kuke neman aikin gobe. Yarinyar da take koyon aikin lafiya a Maƙarfi, in ta saci amsa yau, gobe ran jaririn wani ne a hannunta.

Tarko na uku ya fi sauran zafi, dole kuwa in faɗe shi. Mu Hausawa ne, harshenmu da sunayenmu da tufafinmu ɗaya ne da na 'yan'uwanmu Musulmi waɗanda muke zaune tare da su. Saboda haka yana da sauƙi ga ɗanmu ya ɓoye bangaskiyarsa sa'anda yake neman takardar shaidar ƙaramar hukuma ko gurbin aiki, in ya ji tsoro za ta hana shi. Ya ajiye sunan baftisma a gida, in an tambaye shi ya yi shiru ko ya yi musu. Na san tsoron nan, ban kuwa ce ba shi da dalili a kowane wuri ba. Amma ka tuna da Bitrus a bakin wuta, da kukan da ya yi bayan zakara ya yi cara. Ba a ce ka shiga ofis kana buga ganga ba. Ba a ce ka yi gardamar addini da mai gwada ka ba. Amma in an tambaye ka, faɗi gaskiya da ladabi. In an hana ka hakkinka saboda haka, akwai hanyar kai kuka, dattawan ekklesiya kuma su tsaya tare da kai. Na kuma ga Musulmi masu tsoron Allah da yawa waɗanda suka ɗauki mai bi, suka ba shi mabuɗin shago, domin sun gwada shi sun ga ba ya ƙarya. Abin da kake so ka ɓoye, watakila shi ne abin da zai sa a amince da kai.

To, me mai nema zai yi? Ga shawara kaɗan irin ta uba ga ɗansa. Tara takardunka na gaskiya wuri ɗaya, ka kiyaye su daga ruwa da gara, ka ba da kwafi, na ainihi kuwa su zauna a hannunka. Rubuta takardar neman aiki gajeriya, ka faɗi abin da ka iya, kada ka ƙara gishiri. In sanarwa ta zo maka ta waya ko ta intanet, bincika a ofishin da aka ambata kafin ka motsa. Nemi mutum biyu masu mutunci waɗanda suka san aikinka, ka roƙe su tun da wuri su yi maka shaida. Ran gwaji ka isa kafin lokaci, da tufafi masu tsabta ko da tsofaffi ne. Gai da mutane, har da mai gadi. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, amma kana shirye ka koya. Kafin ka kama aiki, tambayi ladan da lokacin biya, gama dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika. In ba a ɗauke ka ba, kada ka zagi kowa. Yusufu ya yi shekara biyu cikin kurkuku bayan mai shayarwa ya manta da shi, Allah kuwa bai manta ba.

III. GA MAI ƊAUKAN MA'AIKATA

Watakila wani yana cewa cikin ransa, wannan sashi na manyan Kaduna ne. A'a, ɗan'uwa, naka ne. In kana da fadamar rake a Gazara ko Gubuchi, ko gonar tumatir a Hunkuyi ko Likoro, ko masara a Paki ko Saulawa, kana kuwa kiran 'yan ƙwadago, kai maigida ne. In kina da yarinya mai taya ki aikin gida, ke uwargida ce. In ekklesiya tana da makarantar firamare ko ɗakin shan magani, dattawanta masu ɗaukan ma'aikata ne. Kolosiyawa 4:1 yana tuna muku kuna da Maigida a sama.

Abu na fari, ku zaɓa da gaskiya. Sa'anda aiki ya yi wa Musa yawa, surukinsa Yetro ya ba shi ma'auni cikin Fitowa 18:21. A nemi mutum wanda ya iya, wanda yake tsoron Allah, wanda ake amincewa da maganarsa, wanda kuma yake ƙin haram. Bai ce a nemi ɗan ƙanen Musa ba. Sau nawa makarantar ekklesiya ta lalace domin an ba 'yar dattijo aji, ita kuwa ba ta iya karatu sosai ba, kowa ya yi shiru don kunya? Yara arba'in suka yi hasarar shekara domin a faranta wa gida ɗaya. Muna kuka a kan son kai a ofisoshin gwamnati. Bari mu fara share namu tsakar gida.

Abu na biyu, ku yanka lada kafin a fara aiki. Maigidan cikin misalin ya shirya da ma'aikatan fari a kan dinari guda a yini kafin su shiga gona. Laban kuwa ya sāke ladan Yakubu har sau goma, sunansa ya zama abin misali na mugun maigida. Kada ka ce wa yaro, yi dai, za mu gani. Wannan magana ta raba zumunci da yawa.

Abu na uku, ku biya a kan kari. Shari'ar Musa, cikin Kubawar Shari'a 24:14-15, ta umarta a ba matalaucin ma'aikaci ladansa ran nan kafin rana ta faɗi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Ku lura, har da baƙo. Ɗan ci-rani wanda ya zo daga nesa, ba ya da kowa a garin, ba kuwa addininku ɗaya ba, Allah ya sa shi cikin wannan doka. Yaƙub 5:4 ya ce ladan masu girbi da aka danne yana da murya, kukansa kuwa yana kaiwa kunnen Ubangiji. Na san mai bi wanda ya loda rake mota biyu zuwa Kano, ya karɓi kuɗinsa, ya kawo zakka mai kauri ran Lahadi, masu saran kuwa suna ta zarya ƙofar gidansa har mako uku. Ina gaya muku, baikon nan bai wuce rufin kwano ba.

A 2019 dokar ƙasa ta sa mafi ƙanƙantar albashi naira 30,000 a wata, a 2024 aka mai da shi 70,000. Dokar ba ta kama wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, watau yawancinmu ba ta kama mu ba. Amma mai bi ba ya tambaya iyakar abin da doka za ta bari ya tsere da shi. Yakan tambaya ko abin da ya bayar zai sayi mudun masara da kuɗin makarantar yaro. Ku dubi Bo'aza cikin littafin Rut, sura 2. Ya gai da masu girbinsa da sunan Ubangiji, suka sa masa albarka. Ya kuma umarci samarinsa kada su taɓa baƙuwar da take kala. Ku iyayen gida, 'yan matan da suke tsinkar tumatir da barkono a gonakinku amana ne. Wanda ya ce wa 'yar mutane sai ta ba da kanta kafin ya ba ta aiki, ko maki, ko lada, hukuncinsa yana wurin Allah, ekklesiya kuma kada ta rufe masa asiri.

IV. GA WANDA YA SAMI AIKI

Yanzu ga ka a ciki. Ka yi azumi, ka yi alkawari, Allah ya buɗe ƙofa. Yaya zamanka?

Bulus ya yi magana a kan aikin ganin ido. Mun san shi sarai. Maigida yana nan, fartanya tana tashi. Maigida ya juya, an zauna. Malami ya sa hannu cikin littafi da safe, ya hau babur ya tafi kasuwa, yara suna wasa har a tashi. Ma'aikacin asibiti ya kai maganin gwamnati shagonsa. Akawu ya ɓoye fayil har sai an ba shi na goro. In mai bi ya yi haka, ba sunansa kaɗai ya ɓata ba. Mu kaɗan ne a wannan ƙasa, kowa kuwa ya san gidan da muka fito. Mutane da yawa a Ikara da Kudan ba za su taɓa buɗe Linjila ba, amma suna karanta ka kowace rana daga ƙarfe takwas har a tashi.

Ku dubi Daniyel, sura 6. Yana aikin gwamnati a ƙasar da ba ta san Allahnsa ba. Abokan aikinsa suka yi masa hassada, suka bincike littattafansa suna neman kuskure ko ha'inci, ba su samu ba. Sai da suka koma ga addu'arsa kafin su sami abin kama shi. Ɗan'uwa, in aka bincike naka littafi yau, me za a samu? In za a zarge ka, bari a zarge ka a kan addu'a, kada a kan kuɗin da ya ɓace.

Ku dubi kuma Gehazi cikin 2 Sarakuna 5. Yana da aiki mai daraja, baran annabi Elisha ne. Ya ga maigidansa ya ƙi kyautar Na'aman, sai ya bi ta baya da ƙarya, ya karɓi azurfa da tufafi, ya ɓoye. Ya sami kayan, ya sami kuturta tare da su. Sa'anda masu karɓan haraji da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, bai ce su bar aikinsu ba. Ya ce kada su karɓi fiye da ƙa'ida, kada su yi ƙwace ko ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Wannan ba ya hana ma'aikaci neman hakkinsa ta hanyar da ta dace in an danne shi. Amma ƙarancin albashi bai taɓa halatta sata ba.

Game da zama da abokan aiki, ga kaɗan. Kada ka zama mai kai gulma wurin shugaba. Kada ka ci bashin da ya fi albashinka, gama bashi yakan kai mutum ga taɓa abin da ba nasa ba. Girmama abokin aikinka Musulmi, ka tsare masa wuri sa'anda ya tafi salla, ka je masa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa. In an sa ka sa hannu a kan ƙarya, ka ƙi da tattausar murya, ba da fahariya ba. In ka yi kuskure, riga kowa faɗi. In an ɗaukaka ka, tuna da ranar da kake tsaye a bakin hanya, ka koya wa na bayanka aiki ba tare da kishi ba. In lokacin barin wurin ya yi, ba da sanarwa, ka miƙa kaya cif, ka fita ta ƙofar da za ka iya komowa.

V. GA EKKLESIYA

Kada mu tsaya ga faɗa wa samari kurum. Cikin kowace ekklesiya akwai kafinta, da tela, da makaniki, da malamar asibiti, da tsohon malami wanda ya yi ritaya. Me zai hana kowane ɗaya ya ɗauki yaro guda ya koya masa? Me zai hana tsohon malamin ya zauna da masu neman aiki ran Asabar, ya duba takardunsu, ya gwada su da tambayoyi? Zumuntar mata ta san yadda ake adashi. Ashe, ba za a iya sayen keken ɗinki ko injin ban ruwa a ba wanda ya gama koyo, ya biya sannu a hankali ba? Ku masu wa'azi kuma, kada ku rubuta wa kowa takardar shaida a kan halin da ba ku gani ba, gama in kun yi wa mara gaskiya shaida sau ɗaya, kun rufe ƙofa ga masu gaskiya goma. In wani ya rasa aiki saboda ya ƙi yin ƙarya, kada mu bar shi da sannu kurum. A kai masa hatsi.

Daga ƙarshe, mu koma kasuwar nan ta misali. Akwai wani kira wanda ya fi na kowane ofis. Maigidan gonar anab yana fita har yanzu. Ba ya tambayar takardar makaranta, ba ya tambayar wanda ya aiko ka, ba a kuwa sayen gurbi a wurinsa, gama Ɗansa ya riga ya biya da jininsa a kan giciye. Mai karatu, watakila ka riga ka fāɗa cikin ɗaya daga tarkunan nan. Watakila aikin da kake ci yau da toshiya ka same shi, ko da shekarun ƙarya, ko kuwa ladan wani yana cikin aljihunka. Kada ka fid da zuciya. Zakka ma mai karɓan haraji ne, ya tuba, ya mayar da abin da ya ƙwace, ceto kuwa ya shiga gidansa ran nan. Je ka wurin mai wa'azinka ko wani dattijo amintacce, ku yi addu'a, ku nemi hanyar gyara. In lada ne, biya shi kafin rana ta faɗi yau. Ko da la'asar ta yi a rayuwarka, Maigida yana kira.

Mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, kai da kake aiki har yanzu, ka dubi 'ya'yanmu waɗanda suke tsaye babu mai kiransu. Ka ba su haƙuri, ka tsare su daga toshiya da ƙarya da musun sunanka. Ka buɗe musu ƙofa wadda ba za su ji kunyar shiga ba. Ka ba iyayen gida zuciyar adalci, ka ba ma'aikata hannu mai aminci. Ka sa albarka a kan fadamu da gonaki da kasuwannin Ikara, Maƙarfi da Kudan, ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.